Binne Waya Kaɗai Ba Kariya Ba Ce

Ranar 25 ga Disamba, 2024, jirgin dakon mai Eagle S ya ja ƙugiyarsa ta tsayawa a ƙarƙashin teku na tsawon kimanin kilomita 90, ya tsinke wayar lantarki ta Estlink 2 da ke haɗa Finland da Estoniya. Gyara ya ci kusan wata shida. Da aka kai ƙara, kotun Helsinki ta ce a 2025 ba ta da hurumi.

Mai karatu a Mada ko Bungudu na iya cewa ina ruwan biri da gada. Ai mu ma muna da tamu ƙugiyar: haƙoran motocin tona na 'yan kwangilar hanya, waɗanda ke yanke wayoyin sadarwa da aka binne a gefen titi. Zamfara kuwa ta ɗanɗana rashin layi a Satumban 2021, lokacin da aka rufe sadarwa saboda tsaro. Ciniki da aiken kuɗi suka tsaya cik.

A ganinmu, kada gwamnatin jiha ta bari a sa katafila tsakanin Tsafe da Gusau sai kamfanonin sadarwa sun miƙa taswirar wayoyinsu, an kuma rubuta cikin kwangila cewa wanda ya yanke shi zai biya.