Wata bai san kuɗin haya a Mararaba ba

1/ Zaren nan yana da ɗan tsawo, ku yi haƙuri. Na daɗe ina haɗiye maganar saboda ta shafi gidanmu. Amma jiya na sake cin karo da tallan wani "masanin taurari" wai a turo masa tambaya: in tashi daga garin nan ko in zauna? Shi zai duba sama ya ba da amsa. To yau sai na yi magana.

2/ Ƙanina tela ne a Kano. Keken ɗinki uku, injin surfani ɗaya, yara biyu masu koyon aiki, da kwastomomin da ya tara cikin shekara tara. Wani abokinsa ya riƙa zuga shi ya koma Abuja, wai can ɗinki yake kuɗi. Wata biyu yana juya maganar a ransa.

3/ Bai tambaye ni ba. Bai tambayi Baba ba. Wani ya tambaya a WhatsApp, ya biya naira dubu 15. Mutumin ko ranar haihuwarsa bai nema ba. Lokacin da ya karanta saƙon kawai ya rubuta, har da minti, ya turo hoton wani da'ira mai layuka da saƙon murya: Mushtari ya zauna da kyau, Wata na tafiya wajensa, tashi ka tafi.

4/ Ya sayar da keke biyu da injin surfanin, ya kwashi mata da 'ya'ya sai Mararaba. Hayar shekara a dunƙule, ga kuɗin dillali, ga shago a lungun da ba wanda ya san shi. Wata takwas ya dawo da keke ɗaya da bashi. Ranar ya ce min: "Yaya, wallahi ni taurarin na gani a rubuce."

5/ Wannan kalmar ce ta sa na zauna na karanta abin da kaina, don kar a ce ina sukar abin da ban sani ba. Turawa suna ce masa horari, wato duban sa'a. Larabawan da suna kiransa masa'il, tambayoyi. Ba ruwansa da ranar haihuwarka. Ranar haihuwar TAMBAYARKA yake dubawa.

6/ Ga yadda yake. Mai duba zai zana yadda sama take a daidai mintin da ya fahimci tambayar, a garin da SHI yake zaune. Ya raba da'irar gida 12. Gida na farko kai ne da inda kake yanzu. Na bakwai inda kake son komawa. Na huɗu gida da fili. Na tara doguwar tafiya, kamar fita ƙasar waje.

7/ Kowane gida yana da tauraron da wai shi ne mai mulkinsa. Sai a gwada: in mai gida na bakwai ya fi na farko ƙarfi, a ce ka tashi. In na farko ya fi, a ce ka zauna. In Zuhal ya tsaya a hanya, a ce akwai wahala. Shi kuma Wata shi ne ɗan aike, ana duba wajen wa ya nufa.

8/ Yanzu ku saurara. Bakin gida na farko yana matsawa kusan digiri ɗaya duk minti huɗu, saboda duniya tana juyawa. Kusan duk awa biyu buruji ya canja, masu mulkin gidajen su canja. Ke nan da ƙanina ya tura saƙon bayan la'asar maimakon bayan azahar, da wata amsar zai samu.

9/ Kai, da sabis ne ya riƙe saƙon, ko mai duban yana wanka bai ɗauki waya ba sai bayan awa biyu, da wataƙila yau kekunan nan uku suna nan. Makomar mata da 'ya'ya ta rataya a kan ƙarfin sabis. Haba jama'a!

10/ Su kansu masu sana'ar ba su daidaita ba. Na Turai da na Indiya sun bambanta wajen lissafin inda buruji ya fara da kusan digiri 24, alhali kowane buruji digiri 30 ne. Tauraro ɗaya, dare ɗaya, wannan ya ce yana nan, wancan ya ce yana can. Yadda ake yanka gidajen 12 ma hanyoyi ne barkatai.

11/ Amma abin da ya fi ba ni haushi shi ne ƙofofin gudu da aka gina a cikin abin. A littattafansu akwai sharuɗɗa: in gida na farko bai kai digiri 3 ba, an yi gaggawar tambaya. In ya wuce 27, an makara. In Zuhal yana gida na bakwai, hukuncin mai duban na iya gurɓata. In tambayar ba daga zuciya ta fito ba, zanen ba ya aiki.

12/ Da ƙanina ya koma masa da kuka, me kuke jin ya ce? "Ai lokacin da ka yi tambayar zuciyarka ba ta tsaya ba, ka riga ka yanke shawara." Shi ke nan. In ka dace, taurari sun faɗa. In ka faɗi, laifinka ne. Wace sana'a ce wannan da ba ta taɓa yin kuskure? Tela in ya ɓata yadi biya yake yi.

13/ Na san za a zo min da cewa tsohon ilmi ne, manyan mutane sun yi shi. Gaskiya ne tsoho ne. Littafin da masu horari na yau suka fi jingina da shi, William Lilly ya wallafa shi a Landan a 1647, kuma da yawa daga ƙa'idojinsa sun gangaro ne daga masana zamanin Abbasiyawa irin su Masha'allahu da Sahlu bin Bishr.

14/ To mu duba tarihin nasu. Halifa Mansur ya sa masu taurari, Naubakht da Masha'allahu, suka zaɓa masa sa'ar aza harsashin Bagadaza a 762. Zaɓaɓɓiyar sa'a fa. A 813 aka yi wa birnin ƙawanya a yaƙin 'yan'uwa, aka kashe Halifa Amin a cikinsa. A 1258 Mongol suka ragargaza shi.

15/ A 838 kuma an ruwaito masu taurari sun gargaɗi Halifa Mu'utasim cewa lokacin cin garin Ammuriyya bai yi ba. Ya ƙi ji, ya tafi, ya ci garin. Mawaƙi Abu Tammam ya yi musu ba'a a shahararriyar ƙasidarsa. Ibn Khaldun ma ya ware babi guda a Muƙaddima yana rushe sana'ar. Ba yau aka fara gane ta ba.

16/ A zamaninmu an gwada su. A 1985 mujallar kimiyya ta Nature ta buga gwajin Shawn Carlson: aka ba masu taurari zanen haihuwar mutum, aka ce su zaɓo bayanin halinsa cikin guda uku. Ba su wuce abin da mai canki-canka zai samu ba. Wancan duban haihuwa ne, amma taurarin da gidajen duk su ne dai.

17/ Kar a fahimce ni a karkace. Kakanninmu sun san sama. Manomi yana lura da Kaza da 'Ya'yanta don sanin inda shekara ta kai, fatake da 'yan azalai suna bin tauraro cikin dare su gane gabas da arewa. Wannan ilmi ne, domin ana iya kama shi da kuskure. Tauraro zai nuna maka hanyar Agadas. Ba zai gaya maka ko za ka ci riba a can ba.

18/ Abin kunyar, mu 'yan boko muka fi faɗawa. Mutum zai raina tsohuwar da ta je wajen mai bugun ƙasa, shi kuma ya tura kuɗi ga mai duba da manhajar waya, don ya ga lambobi da digiri da Turanci. Faifan yashi ne aka mayar gilashi. Lissafin inda taurarin suke daidai ne, fassarar ce tatsuniya.

19/ Ta ɓangaren addini ni ba malami ba ne, amma duk wanda ya yi Islamiyya ya san hadisin da ke cikin Sahihu Muslim, wanda ya yi gargaɗin cewa zuwa tambayar mai duba yana hana karɓar sallar kwana arba'in. Canja masa suna zuwa "masanin taurari" bai canja aikinsa ba.

20/ Kuma wace ƙaura ce ta kai Hijira? Ku duba yadda aka shirya ta a 622. An tanadi raƙuma biyu tun da wuri. An ɗauki ɗan jagora da ya san hanya, Abdullahi bin Uraiƙiɗ. An shirya mai kawo guzuri da mai kawo labari. A Madina kuma akwai mutanen da suka riga suka yi alƙawarin karɓa. Shiri, sannan tawakkali.

21/ Nan ne ainihin cutarwar. Ba dubu 15 ɗin ce ta dame ni ba. Amsar da aka ba shi ita ta kashe tambayoyin da suke da amsa. Nawa ne haya? Teloli nawa ne a layin? Wa zai kawo min ɗinki watan farko? Makarantar yara fa? In abin bai yi ba, da me zan dawo? Ko ɗaya bai yi ba, tunda Mushtari ya riga ya yi magana.

22/ Da kuɗin nan ya hau mota ya je ya kwana uku a Mararaba, ya zauna a shagon wani tela ya ƙirga masu shigowa, da ya gani da idonsa. Da ya je shi kaɗai da keke ɗaya kafin Sallah ya gwada, ya bar iyali da shago a Kano, da asarar ba ta kai haka ba.

23/ Na fahimci abin da ke kai mutum can. Tashi daga gari abu ne mai nauyi, mutum yana so wani ya ɗauke masa nauyin yanke hukunci. Amma mai duba ba ya ɗauka. Ranar da mai gida ya zo karɓar haya, kai kaɗai zai tarar a ƙofa.

24/ Don haka in kana tunanin Abuja, Legas, Saudiyya ko Turai: ka yi istihara, ka shawarci wanda ya zauna can ya dawo da wanda har yanzu yake can, ka duba takardunka, ka ajiye kuɗin dawowa. In mai duba ya ce maka tashi, ka ce ya rubuta zai biya rabin hayar in ba ta yi kyau ba. Ka ga ko zai sa hannu.

25/ Ƙanina ya koma ɗinki a kusurwar shagon wani yaron da shi ya koya wa aiki. Shi ya ce in rubuta wannan, in ɓoye sunansa. Mai duban kuwa yana nan, jiya ma na ga ya ƙara kuɗi. Allah ya tsare mu, ya sa mu dace.