Wa ke riƙe da makullin ƙofar baya?

A farkon zangon karatun bana na raka 'yar ƙanwata zuwa ɗakin kwanan ɗalibai mata na wata jami'a a nan Arewa. Mahaifinta ya rasu, ɗawainiyar kai ta makaranta ta faɗo a wuyana. A sauran ranaku ba a barin namiji ya wuce bakin ƙofa, amma ranar shigowar sababbin ɗalibai an yi mana sassauci don mu taya su shigar da kaya. Muka hau bene da katifa da bokiti da buhun kayan abinci. A ɗakin da aka gina domin mutum huɗu na ƙirga katifu tara. Soket ɗaya ne a bango, an jona masa wata doguwar waya, a jikinta akwai fanka da dutsen guga da hita da cajar waya fiye da biyar. Tagogi duka an yi musu ƙarafa.

Da zan sauko sai na bi ta ɗaya matakalar da ke ƙarshen baranda. A ƙasa na tarar da ƙofar ƙarfe an ɗaure ta da sarƙa da kwaɗo, kwaɗon ya yi tsatsa, an kuma jibge karyayyun gadaje a gabanta. Na koma na tambayi dattijuwar da ke kula da ginin wa ke riƙe da makullin. Ta ce, "Wallahi Alhaji, a haka na same ta." Yarinyar ta ga fuskata ta canza, sai ta ce, "Kawu, ba komai, Allah zai tsare."

Na amsa da amin, amma tun daga ranar wannan ƙofa ba ta fita daga raina ba.

Ba na ganin laifin dattijuwar, kuma na san wanda ya fara kulle ƙofar yana da dalilinsa. Akwai ɓarayi, akwai masu lallaɓowa da dare, ga masu satar mutane da suka addabi makarantunmu. Kowane uba yana son ya ji cewa 'yarsa na kwana a wurin da ba a shiga sai da izini. Sai dai ƙofar da ke hana mugu shigowa ita ce ke hana ɗaruruwan yara fita idan wuta ta tashi da ƙarfe biyun dare. Mun yi tunanin mai shigowa, mun manta da mai neman fita.

Mun ma taɓa ganin ƙarshen irin wannan. A ƙarshen watan Nuwamba na 2015 gobara ta tashi da dare a ɗakin kwanan makarantar sakandaren 'yan mata ta Jogana a jihar Kano, ɗalibai bakwai suka rasu, kuma rahotanni sun nuna cewa turmutsutsun neman hanyar fita ne ya ci yawancinsu. A watan Fabrairu na 2025 almajirai 17 suka ƙone a makarantarsu a Ƙauran Namoda. A Nijar, a 2021 kaɗai, gobara ta cinye yara kusan 20 a wata makaranta a Yamai, bayan 'yan watanni ta sake cin sama da 20 a Maraɗi, duk a azuzuwan zana. Wani zai ce ai waɗannan ƙananan makarantu ne. Hayaƙi bai san bambanci tsakanin ɗan firamare da ɗan aji huɗu na jami'a ba. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, aka ce, shafa wa naka ruwa.

Yadda gobarar ɗakin ɗalibai ke somawa sananne ne ga duk wanda ya taɓa zama a ciki. Ɗaliba ta tsoma hita a bokitin roba, sai aka ɗauke wuta. Ta jira, ta gaji, ta tafi lacca ko ta kwanta barci ba ta cire ba. Can aka dawo da wuta, ruwa ya tafasa ya ƙafe, roba ta narke, ta kama labule, labule ya kama katifa. Katifar soso kuwa idan ta kama, baƙin hayaƙin da take fitarwa guba ne, yana iya sumar da mutum tun harshen wuta bai iso gare shi ba. Shi ya sa masana aikin kashe gobara ke cewa hayaƙi ya fi wuta kisa. A lokacin hunturu, da komai ya bushe iska kuma ke kaɗawa, 'yan mintuna sun isa. Kafin motar kwana-kwana ta taso daga cikin gari, in ma akwai ruwa a cikinta, wanda zai tsira ya tsira, wanda zai halaka ya halaka.

Wannan shi ne abin da nake so hukumomin jami'o'inmu su tsaya su duba. Mintuna goman farko na kowace masifa ba a hannun shugaban jami'a suke ba, ba a hannun hukumar NEMA ko 'yan kwana-kwana ko sojoji ba. A hannun yaran da ke wurin suke, da maigadin da ke bakin ƙofa. Su ne za su yanke shawarar gudu ko tsayawa, hagu ko dama, buɗe ƙofa ko rufewa. To me muka koya musu? Ɗalibi yana shekara huɗu ko biyar a jami'a, ana tilasta masa darussan bai-ɗaya na Turanci da tarihin al'adun Najeriya da koyon sana'a, amma zai fita da digiri bai san cewa ba a watsa wa man girki da ya kama ruwa ba, bai san cewa idan ya ji warin gas bai kamata ya taɓa makunnin fitila ba, bai san cewa a cikin hayaƙi rarrafe ake yi saboda iska mai kyau tana ƙasa ba. Da yawa ba su taɓa riƙe tukunyar kashe gobara ba, balle su san yadda ake zare mata fil. Wasu ba su san akwai lambar kiran gaggawa ta 112 ba, kuma ba su da lambar asibitin makarantarsu a waya.

Tsoro ma kansa yana kisa idan ya samu taron da bai san abin yi ba. A watan Afrilu na 2015 'yan bindiga suka kashe mutum 148 a jami'ar Garissa ta ƙasar Kenya. Bayan 'yan kwanaki, a reshen Kikuyu na jami'ar Nairobi, wata fashewar kayan lantarki ta yi ƙara da asuba. Ɗalibai suka zaci hari ne, suka riƙa dirowa ta tagogin benaye. Ɗalibi ɗaya ya mutu, sama da 100 suka jikkata, alhali ba ɗan bindiga ko ɗaya a harabar. A nan gida, a watan Maris na 2024, ɗalibai mata biyu suka rasu a jami'ar jihar Nasarawa da ke Keffi a turmutsutsun rabon shinkafar tallafi. Ba wuta, ba harsashi, ba ruwa. Taro ne kawai ya matsu a bakin ƙofa.

Maganar hari kuwa ba sai na tsawaita ba, domin mun sha ta. Jami'ar Bayero ta gani a watan Afrilu na 2012, lokacin da aka buɗe wa masu ibada wuta a tsohuwar harabarta. Kwalejin aikin gona ta Gujba ta gani a 2013, aka kashe gomman ɗalibai suna barci. A Janairun 2017 bam ya tashi a masallacin jami'ar Maiduguri da asuba, Farfesa Aliyu Mani na cikin waɗanda suka rasu. Sai sace ɗalibai da aka yi a makarantun Afaka da Greenfield a Kaduna a 2021. A watan Satumba na 2023 aka kwashe ɗaliban jami'ar tarayya ta Gusau, yawancinsu mata, daga gidajen haya a Sabon Gida. Wannan na ƙarshe ya kamata ya tsaya mana a rai, domin ɗimbin ɗalibanmu ba a cikin katangar makaranta suke kwana ba. Suna unguwannin gefen jami'o'i irin su Samaru da Danbare da Mairi, a gidajen da masu su suka gina ba tare da wani ya duba wayar lantarkinsu ko faɗin ƙofarsu ba. Jami'ar da ta karɓi kuɗin rajistar yaro ba za ta ce amanarsa ta ƙare a bakin get ba.

Sai ruwa. A watan Satumba na 2024 madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye Maiduguri cikin dare, ya shiga har asibitin koyarwa, jami'a ta dakatar da karatu. Shekara 30 kafin nan, a 1994, madatsar ta taɓa yi wa garin irin wannan ɓarna. Wato an san ruwan, an san hanyarsa. Kowace jami'a ta san kwarinta da tudunta, ta san wane gini ke cika idan damina ta yi nauyi. Abin da ya rage shi ne a gaya wa ɗalibi tun ranar da ya shigo: idan ruwa ya zo, ga inda za ka nufa.

Yanzu bari in koma kan maganar 'yar ƙanwata, domin a nan ne ciwon yake. "Allah zai tsare." Gaskiya ce, kuma ba mai tsarewa sai Shi. Amma mun mai da wannan kalma mai daraja mayafin sakaci. Idan ka tambayi ina hanyar fita, sai a ce kana yi wa mutane mugun baki. Idan ka ce a gwada yadda za a kuɓuta, sai a ce kana kiran masifa. Addininmu bai koyar da haka ba. Lokacin da Sayyidina Umar ya nufi Sham aka sanar da shi annoba ta ɓarke a can, shawara ya yi da sahabbai sannan ya juya da jama'arsa, ya kuma bayyana cewa juyawar ma cikin ƙaddarar Allah take. Annabi Yusuf, amincin Allah ya tabbata a gare shi, shekara bakwai ya yi yana tanadin hatsi saboda farin da bai zo ba tukuna. Wa zai ce ya fi waɗannan bayin Allah tawakkali? Wanda aka damƙa wa 'ya'yan mutane, ya bar kwaɗo ya yi tsatsa a kan ƙofar tsira, in abu ya faru ya ce haka Allah ya so, ya faɗi gaskiya game da ƙaddara, amma bai wanke kansa daga tambayar amana ba.

Abin da ya fi yi mini zafi shi ne gyaran ba shi da tsada. Ana kashe miliyoyi a gina ƙofar shiga mai ado, ana kashe wasu a bikin yaye ɗalibai. Nawa ne kuɗin sa wa ƙofar baya irin sakatar da ake buɗewa ta ciki kawai, wadda ɓarawo ba zai iya buɗe ta daga waje ba? Nawa ne kuɗin yi wa ƙarafan taga ɗaya a kowane ɗaki marfi mai buɗuwa? Bokitin yashi, jiniya mai aiki da batir, fitilar matakala da ke kamawa idan an ɗauke wuta, man motar asibiti da direban da ke kwana kusa da ita: duk a haɗa ba su kai kuɗin motar ofis guda ba. Hukumar NUC da ke zagayawa tantance kwasa-kwasai tana ƙirga littattafai da malamai da kayan ɗakin gwaji. Ina roƙon ta riƙa shiga ɗakunan kwana tana jijjiga ƙofofi. Asusun TETFund da sunansa ke jikin gine-gine a kusan kowace jami'ar gwamnati, kada ya karɓi ginin da ba shi da hanyar fita biyu masu aiki.

Sai atisaye. Ba a fafe gora ranar tafiya. Sau ɗaya a kowane zango a kaɗa jiniya, kowa ya fito ya nufi filin da aka ware, a kira suna, a ga minti nawa aka ɗauka, a ga wace ƙofa ce ta cushe. Amma a yi shi da ilimi, a kuma sanar da mutane tukuna. A ƙarshen 2015 jami'ar Strathmore da ke Nairobi ta yi atisayen hari da harbe-harbe ba tare da yawancin mutanen ciki sun sani ba, wata ma'aikaciya ta rasa ranta, da dama suka karye wajen dirowa daga bene. Manufar atisaye ita ce a cire wa mutane firgici, a saba wa ƙafafunsu hanya, ta yadda ko a duhu za su bi ta. A kuma tuna da ɗalibi makaho da mai keken guragu da mai juna biyu, a san wa zai kama hannun wa.

Masu koyarwar ma muna da su. 'Yan agajin da ke tsara sahun dubban mutane a filin Idi da wuraren tafsiri sun san yadda ake sarrafa taro. Ƙungiyar Red Cross tana da rassa a makarantu da yawa. Ga ɗaliban likitanci da na aikin jinya a cikin harabar. Ƙungiyar ɗalibai Musulmi da ta ɗalibai Kirista suna tara jama'ar da babu wani ofishi da ke iya tarawa. Da kowace za ta ware zama ɗaya a zango ta gayyato jami'in kwana-kwana ya nuna yadda ake kashe wutar gas da jiƙaƙƙen bargo, da yadda ake tsai da jini, da yadda ake danna ƙirjin wanda numfashinsa ya ɗauke, da lada mai yawa za ta samu.

Ɗalibai, ku ma da naku. Cire hita idan an ɗauke wuta ba ya buƙatar kasafin kuɗi. Tura saƙon "an shigo, an shigo" a WhatsApp ba tare da ka tabbatar ba yana iya sa wata ta faɗo daga bene.

Ni dai na rubuta wa sashen kula da harkokin ɗalibai na waccan jami'a takarda a kan ƙofar, kuma zan koma in duba da idona. Ya kai uba, ya ke uwa, ranar da za ku kai yaro makaranta, bayan kun biya kuɗi kun yi masa nasiha kun sa masa albarka, ku daure ku zagaya bayan ginin da zai kwana a ciki. Idan kun ga kwaɗo a jikin ƙofa, kada ku baro harabar sai an nuna muku wanda ke riƙe da makullin, da inda yake kwana.