Ra'ayinmu: A Saurari Iyaye Kafin a Miƙa wa Yara Waya

A tarukan iyaye da malamai na zangon da ya gabata, babu batun da ya ja muhawara kamar karatun 'yan firamare ta intanet. Mun saurari kowa, kuma kowa da hujjarsa.

Wasu iyayen suna marhabin da shi. Ba su manta da watan Maris na 2020 ba, lokacin da annobar korona ta sa aka rufe makarantu, yara suka shafe watanni ba su da malami sai rediyo da talabijin. A ganinsu, manhaja irin Nigeria Learning Passport, wadda Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta ƙaddamar tare da UNICEF a 2022, za ta rage irin wannan asara.

Wasu kuwa tambayoyi suka jero. Gidan da waya ɗaya ce, tana aljihun maigida a kasuwa har magariba, da wacce yara biyar za su yi karatu? Kuɗin data, wanda aka amince a ƙara da kashi 50 cikin ɗari a 2025, daga cefane za a cire shi? Ina wutar caji? Iyaye mata kuma tarbiyya ce damuwarsu: ɗan shekara bakwai da aka bari da waya, wa ya san inda zai leƙa?

Ba mu ƙin ci gaba. Amma mu ne muka karɓi yaran nan bayan korona, da yawansu sun manta haɗa baƙi da wasali. Ɗan aji ɗaya sai an kama hannunsa yake iya riƙe fensir, kuma waya ba ta gane yaron da ya yi shiru saboda yunwa. Dokar UBE ta 2004 ta ce ilimin matakin farko kyauta ne kuma dole. Aikin gidan da ba ya yiwuwa sai da data, kuɗin makaranta ne aka sake wa suna.

Saboda haka muna kira ga 'yan'uwa malamai: duk aikin da aka tura ta WhatsApp, a rubuta shi a allo tukuna. Hukumomi kuma su tuntuɓi iyaye kafin yanke hukunci, su horar da malamai, su fara cike gurabun azuzuwan da ba su da malami. Iyaye, ku ci gaba da zuwa taro kuna faɗin gaskiyar halin gidajenku. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.