A Ba Yaran Takalmin Taya Fili A Birnin Zazzau

Duk mai bin hanyar Ƙofar Doka zuwa Babban Dodo da yamma, zai yi wuya bai taɓa cin karo da samarin nan masu gudu da takalmin taya ba. Wani lokaci sai ka ga yaro ya riƙe bayan mota tana jan sa, ransa a hannun Allah. Abin da dattawa suka saba yi shi ne tsawa da Allah wadai. Ni kuwa ina ganin kora kaɗai ba za ta raba su da titi ba, domin ba su da wani wurin da za su je.

Mai karatu, bari mu leƙa ƙasar Denmak. Duk da sanyinta, ƙasar ba ta da rufaffen filin ƙanƙara mai zagayen mita 400, irin wanda ake tseren duniya a kansa. Ɗan wasanta Viktor Hald Thorup da takalmin taya ya fara, kamar yaranmu, daga baya ya koma tseren ƙanƙara, yana zuwa ƙasashen waje neman horo. A gasar Olamfik ta lokacin sanyi ta 2018 a Koriya ta Kudu ya zo na biyar a tseren da ake tashi gaba ɗaya. A ta 2026 a Italiya ya ci lambar azurfa, wadda ita ce ta biyu da ƙasarsa ta taɓa samu a wannan gasa, bayan ta 1998.

Wani zai ce ina ruwan Bazazzagi da ƙanƙara? Gaskiya ne, amma ai tseren takalmin taya shi kansa wasa ne da ake gasar duniya a kansa, kuma siminti mai santsi kawai yake buƙata. Sannan Zariya ba baƙuwa ba ce a wannan fage. A nan Masai Ujiri ya tashi, ya koyi ƙwallon kwando a hannun mai horarwa Oliver Johnson, har ya shugabanci ƙungiyar Toronto Raptors lokacin da ta ci kofin NBA a 2019. Fili ya samu da malami, ba wani sihiri ba.

Saboda haka ina kira ga Ƙaramar Hukumar Zariya da Masarautar Zazzau da masu hannu da shuni, su ware fili guda a cikin ganuwa, a dafe shi da siminti, a samar da hular kwano da mai koyarwa, a kuma sa sharaɗin cewa sai mai zuwa makaranta ne zai shiga. Bayan haka duk wanda aka kama yana riƙe mota a titi, hukuma ta hukunta shi, babu mai cewa an zalunce shi.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. In muka bar yaran nan a tsakanin motoci, wata rana jana'iza za ta tara mu, mu yi ta da na sani. Allah Ya kiyaye, Ya kuma shirya mana zuri'a.