Sakin Jiki Ba Tawakkali Ba Ne

A zangon da ya wuce na faɗi jarrabawar Lissafi. Ban yi bita ba ko kaɗan, domin na ji a Suratuɗ Ɗalaƙi, aya ta 3, cewa wanda ya dogara ga Allah, Allah Ya isar masa. 'Yan ajinmu suna karatun dare, ni ina ɗakin kwana ina sharar barci. Da sakamako ya isa gida, mahaifina ya ce in na sake faɗuwa, gona zan koma.

Ana nan sai Malamin Addini ya karanta mana aya ta 99 ta Suratul A'arafi, wadda ta kira masu ganin sun tsira daga kamun Allah asararru. Kaina ya ɗaure. Can an ce in kwantar da hankali, nan kuwa an ce kada in saki jiki. Wanne zan ɗauka?

Yanzu ina ganin ayoyin ba su yi karo ba. Ku dubi yaƙin Hunaini, shekara ta 8 bayan Hijira. Musulmi wajen 12,000, yawansu ya ruɗe su, sai ga shi da farko sun watse, alhali Manzon Allah (SAW) yana cikinsu. Annabi Yakubu kuwa, sai da ya umurci 'ya'yansa su shiga ta ƙofofi dabam-dabam in sun isa Masar, sa'an nan ya ce ga Allah ya dogara.

'Yan'uwana ɗalibai, ni lalacina ne na raɗa wa suna tawakkali. Wannan zangon ba na fashin karatun dare, ina kuma addu'a, amma har yau in na tuna Lissafi sai gabana ya faɗi.