Masu cewa littafin takarda ya mutu, ku dakata tukuna

Jama'ar Agadas, mun gaji da zancen nan da ke yawo a fada da bakin lakwal, wai zamanin takarda ya wuce, komai yana cikin waya. Mu dai ba mu yarda ba.

Na'urar karatun da ake ta yabo, irin Kindle da kamfanin Amazon ya fitar a 2007, abu ce daban: allonta ba ya gajiyar da ido, cajinta na kai makonni. To tsakani da Allah, mutum nawa kuka taɓa gani da ita a garin nan? Abin da ke hannun yaranmu Android ce. Yaro ya buɗe PDF, bai ci shafi biyu ba WhatsApp ya yi ƙara, daga nan sai TikTok har asuba. Ga ɗaukewar wuta, ga kuɗin kredi.

Kuma abin da ke cikin na'ura aro ne. A 2009 Amazon ya goge littafin George Orwell mai suna 1984 daga na'urorin waɗanda suka saye shi, ba ko sallama. Wa ya isa ya shigo ɗakinka ya ɗauke Ishiriniyar da kakanka ya bari cikin gafaka? Tarihin sarakunan Abzin da alƙalami da tawada aka rubuta shi, ga shi ya iso mu. Karti memuwar ɗinka na shekara biyar da suka wuce fa, ina yake?

Mun san ɗalibin jami'ar Agadas da littafinsa sai an aiko daga Yamai, tafiyar kusan kilomita 1000, PDF ya rufa masa asiri. Amma wannan taimama ce. Abin haushi, wasunmu sun mai da taimama hujjar ƙin gina rijiya.

A 2025 aka ayyana Hausa harshen ƙasa a Nijar. Madalla. Da wane littafi za a karantar da shi? Marubuci a Maraɗi ko Kano ya ci bashi ya buga littafi, wani ya ɗauki hotonsa shafi-shafi ya watsa a gurup, ko dala ba ta koma wa mai shi ba. Gobe ya sake bugawa?

Iyaye, da ku muke. Uban da ya saya wa yaro wayar jikka hamsin, in aka ce littafin jikka biyu, sai ya ce a yi fotokofi.