HAƘURI BA NAƊE HANNU BA NE

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili domin in ja hankalin 'yan'uwana manoma da 'yan tireda a kan wani labari na makaɗa, wanda a ganina akwai abin koyi a cikinsa.

Akwai wani makaɗi ɗan ƙasar nan mai suna Tony Allen, haifaffen Legas a 1940, wanda ya shekara 15 yana buga wa Fela Anikulapo Kuti ganguna kafin su rabu a 1979. Daga baya ya koma Faransa da zama, ya kuma yi suna a kiɗan nan na baƙaƙen Amurka da ake kira jaz. Yana da wani amini, Hugh Masekela, mabushin kakakin Turawa ɗan Afirka ta Kudu, wanda mulkin wariyar launin fata ya sa shi gudun hijira har shekara 30. Ta hanyar Fela suka san juna tun a shekarun 1970, kuma sun daɗe suna burin yin faifai tare.

Sai a 2010 suka haɗu a Landan suka ɗauki kiɗan, amma ba su ƙarasa ba kowa ya kama gabansa. Ana yau ana gobe, ran 23 ga Janairu 2018 rai ya yi halinsa, ciwon daji ya ɗauke Masekela.

To jama'a, a nan ne batun yake. Allen, ga tsufa ga rashin aboki, da ya ce shi ke nan a rufe wannan magana, ba mai ganin laifinsa. Amma a 2019, yana neman shekara 80, ya koma ɗakin da suka yi ɗaukan farko tare da Nick Gold, mutumin da ya shirya aikin tun asali. Da yardar magadan mamacin aka ɗauko busar da ya bari, aka gayyato matasan makaɗa suka cike giɓi. Faifan ya fito ran 20 ga Maris 2020 da sunansu su biyu, aka sa masa suna Rejoice, wato a yi murna. Kwana 41 bayan haka shi ma Allen ya cika a birnin Faris. Da ya ƙara jinkirin shekara ɗaya, wa zai ƙarasa?

Na san wani zai ce, mu da ke fama da tsadar taki da kuɗin mota, ina ruwanmu da makaɗan Legas da Landan? Ai ba kiɗan nake tallatawa ba, halin mutumin nake nunawa. Mu duba kasuwanninmu mana. Mutum biyu za su haɗa jari su buɗe rumfa, ko su haɗa hannu a noman rani. Ranar da ɗaya ya faɗi ya mutu, ɗayan biyu ake gani. Ko dai na rayen ya karaya ya sa kwaɗo, kaya su lalace, masu bashi su yi shiru, marayu su tashi a tutar babu. Ko kuwa ya share hawaye ya haɗiye komai, ya ce ai dama jarin nasa ne. Na farko ya kira abinsa haƙuri, na biyu ya kira nasa wayo, alhali duka biyun amana ce ta salwanta.

Shi wannan dattijo bai bi ko ɗaya ba. Ya tashi ya koma bakin aiki, an nemi izinin magada, kuma bai goge sunan abokinsa ba. Ni a ganina, wannan shi ne haƙurin gaske, kuma shi ne maganin baƙin ciki, domin mai zaman kuka a ɗaka ciwo yake ƙara wa kansa.

Saboda haka ina kira ga duk wanda ya rasa abokin sana'a, in an share makoki ya kira magada da shaidu a yi lissafi, a fitar wa kowa haƙƙinsa, sa'an nan a buɗe rumfa a ci gaba. Waɗanda kuma abokansu ke raye, don Allah a rubuta abin da ke tsakani, a ƙarasa abin da aka fara, a daina cewa sai bayan kaka. Mutuwa rigar kowa ce, kuma ba ta sallama.

Allah Ya ba mu ikon riƙon amana, amin.

Naku a kullum,
Wani mai tireda,
Bakin Kasuwa, Funtuwa.